Na Haife Ta Ba Na Gani

Ina yarinya Turawa suka ci Sakkwato, kuma kafin in isa aure har sun zo sun kafa duwatsunsu tsakanin Illela da Ƙonni, suka ce nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransi. Iyayena suka faɗa can, gidan da aka kawo ni aure ya faɗo nan. Mu dai ba mu ga abin da ya sake ba, hanya tana nan yadda take, jakuna suna bin ta safe da yamma. Mijina ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, saboda haka surukata Gwaggo nake ce mata tun ina rarrafe. Fataucin kanwa da gishiri yake yi. Yakan saya wurin Buzaye masu raƙuma, ya ɗora wa jakuna ya yi kudu. Zaurenmu kullum cike yake da kaya, har kaji ma fari-fari suke fitowa daga cikinsa.

Cikina na fari ya shiga wata na bakwai da bazara, ana shirin kai ni goyon ciki gidanmu, sai ƙafafuna suka fara kumbura. Kowa ya ce zafi ne. Gwaggo har murna ta yi, ta ce ko namiji ne ƙato ko tagwaye. Daga ƙafa abin ya hau hannu, na kasa murza mazari, na bar kaɗi. Wata safiya na leƙa randa zan ɗebi ruwa, na ga wata fuska mai faɗi da 'yan idanu a ciki tana kallona, sai da na ɗan tsaya kafin in yarda tawa ce. Yanzu 'yan asibiti suna da sunan abin, hawan jini na masu ciki suke cewa, suna da abin da suke ɗaura wa mace a dantse su hura, su gane tun bai yi nisa ba. Mu a lokacin kumburi kawai muka sani.

Akwai mundayen tagulla da Inna, mahaifiyata, ta sa mini ranar da za a kawo ni. Suka nutse cikin nama. Aka shafa man shanu, aka shafa sabulu, suka ƙi motsi, yatsuna suka fara yin sanyi. Dole aka kira maƙeri. Na zauna daga cikin ɗaki na miƙa hannu ta ƙarƙashin tabarmar ƙofa, shi kuma yana waje yana goga magagari a hankali, maigida yana tsaye kansa. Da ya gama sai na ji yana cewa ya taɓa yanke wa wata mata irin wannan a Gidan Katta. Maigida ya tambaye shi yaya ta ƙare. Maƙerin ya tattara kayansa ya ce rana ta yi, zai koma bakin wuta.

Bayan wannan ciwon kai ya zo, irin wanda ban taɓa yi ba, kamar an naɗa mini igiya a goshi ana ja ta baya. In na ɗaga ido sai in ga tartsatsi yana tashi ta gefe, in na juya in dube shi babu komai. Da na gaya wa Gwaggo zancen tartsatsin sai murnarta ta ɗauke. Ta aika ƙauyen Araba aka zo da ungozoma.

Tsohuwa ce doguwa siririya, ba ta da haƙori ko ɗaya a gaba, ba ta kuma son doguwar gaisuwa. Ta danna babban yatsanta a ƙwaurina ta ɗauke, wurin ya zauna a lotse kamar an danna tuwo. Ta sa na yi fitsari a kasko ta fita da shi rana ta duba, ɗan kaɗan ne, ga kumfa a kai. Ta tambaye ni ko ina jin ciwo ƙarƙashin haƙarƙari ta dama, na ce tun jiya. Sai ta ce wa Gwaggo zancen ɗora ni kan jaki zuwa Ƙonni ya ƙare, a aika uwata ta zo nan. Washegari Inna ta iso da ƙafa, Baba yana biye da ita da allonsa da tawada, don malami ne, ya bar ɗalibansa hannun ƙanensa.

Ungozoma ta kafa dokokinta. In kwanta ta gefen hagu, kada in tashi sai dole. A rage hasken ɗakin. Ba gishiri, ba kanwa, ba daddawa a abincina, a gidan da gishiri yake jibge har rufin zaure. Ta sa ana jiƙa mini zoɓo ba zaƙi, ana dafa mini tafarnuwa a kunu. Baba yana rubutu yana wankewa, Inna tana kawo mini. Ta kuma ɗauki wata ƙaramar muciya ta naɗe bakinta da tsumma ta ajiye kusa da kaina. Ban tambayi ko ta mece ce ba, su ma ba su faɗa ba.

Dokar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta ƙara. Ta ce kada a yi daka inda zan ji, don kowace saukar taɓarya a kaina take sauka. Gwaggo ta shiga maƙwabta ta roƙe su. Ban zaci za su yarda ba, amma matan unguwar nan kaf suka mirgina turamensu zuwa gindin wata tsamiya can bayan gari, suna kai hatsi a ka suna dawowa da gari, cikin wannan zafin. Maigida ya kwashe jakunansa ya kai gidan abokinsa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin gari ba daka ba. Ina kwance ina jin ƙadangare yana tafiya kan dangar kara, ina jin numfashin Inna. Cikin wannan shirun ne na san ɗan da ke cikina sosai. Inna takan ɗora hannu a cikin, mu yi ta jira tare, in ya motsa ta ce alhamdu lillahi, in ya daɗe bai motsa ba sai in ji hannunta yana gumi. Kwanaki suna wucewa motsin yana raguwa.

Wata rana da hantsi na farka daga ɗan barci, na ga ɗakin baƙi ƙirin. Na ji Inna kusa da ni tana tsince wake.

Na ce, "Inna, don mi anka rufe ƙofa?"

Na ji ta ajiye faifan. Ta ce, "Mi kika gani?"

"Ba ni ganin komi."

Ƙofar a buɗe take, ta ɗage tabarmar don iska ta shigo, rana tana kan ƙafafuna har ina jin zafinta. Idona biyu a buɗe, ba ciwo, ba hawaye, ganin ne kawai ya tafi. Ban yi kuka ba. Abin ya fi ƙarfin kuka. Na riƙa ɗaga hannuna ina kai shi gaban fuskata ina juyawa.

Abin da aka tattauna a zaure daga baya Inna ta ba ni labari. Ungozoma ta tsaya daga bayan danga, Baba da maigida suna ciki. Ta ce musu ta sha ganin wannan ciwo, kuma ba ta san masa magani ba sai haihuwa: in ciki ya sauka, shi ma yakan sauka. In aka jira, wata takan kai watanta, amma da yawa jijjiga takan kama su, su tafi da abin da ke cikinsu. Ta ce tana da wani jiƙo mai tayar da naƙuda, sai dai ba ta ba da shi da ra'ayin kanta, don shi ma ya taɓa kashewa a hannunta. Baba ya tambaye ta ɗan fa. Ta ce ta ga bakwainin da ya rayu, ta ga waɗanda ba su rayu ba, su ne suka fi yawa, ba za ta yi masa alkawarin komai ba. Maigida yaro ne shi ma a lokacin, ya bar wa Baba maganar. Baba ya ce rai biyu ake magana a kai, kuma mai ɗauke da su tana da hankalinta, a tambaye ta.

Shi da kansa ya zo bakin ƙofa. Na gane shi da warin tawada. Ya faɗa mini komai bai rage ba, da murya irin wadda yake biya wa yara karatu.

Na ce, "Baba, yana motsi."

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Ya ce to, ya koma. Aka jira.

Jiran bai yi tsawo ba. Washegari bayan La'asar na ji wani wari kamar na ƙonannen gashi, daga nan ban san komai ba. Inna ta ce jikina ya sandare, sannan ya kama kaɗawa har gadon kara yana ƙara. Ita ta cusa muciyar nan a bakina, ungozoma ta juya ni ta gefe ta riƙe kaina kada in shaƙe. Baba yana waje yana karatu, muryarsa tana yankewa yana sake kamawa. Inna ta ce ta haifi 'ya'ya ta binne wasu, amma ba ta taɓa ganin lokaci ya ƙi tafiya kamar wannan ba. Da na dawo, harshena ya kumbura, bakina duk ɗanɗanon jini. Na ji an ɗago kaina an kafa mini ƙoƙo a leɓe.

Inna ta ce, "Sha, ɗiyata. An bi taki an gani. Yanzu tawa za a bi."

Na sha. Ɗacinsa har yau in na tuna sai yawu ya taru a bakina. Ban san saiwar mece ce ba, tsohuwar ba ta gaya wa kowa ba, kuma da na sani ma ba zan rubuta ba.

Naƙuda ta taso sosai da safe. Aka zuba yashi a tsakar ɗaki, na durƙusa, na rungume wuyan Inna, Gwaggo ta riƙe ni ta baya. Haihuwa cikin makanta wani abu ne daban. Ba fuskar da zan duba in gane ko lafiya ko ba lafiya, sai muryoyi, su kuma sun ƙi magana. Ban wahala da yawa ba, don abin ƙarami ne, ya zo kamar an zare shi. Sai shiru. Na ji kaza tana ƙyarƙyara a waje. Na ji tsohuwar tana murza wani abu da tsumma, tana hurawa, ta tsaya, ta sake hurawa. Ban san tsawon lokacin ba. Sai wani ɗan sauti ya fito, siriri, kamar na ɗan kyanwar da aka haifa yau, ya tsaya, ya sake fitowa.

Ungozoma ta ce, "Mace ce. Tana da rai."

Ba su yi mata wanka ba. Aka goge ta, aka shafe ta da man shanu, aka naɗe ta da auduga gurzajjiya wadda na tara don kaɗi, Inna ta kwance zanenta ta sa ta a ƙirji, fata da fata, ta ɗaure. Can ta zauna. Inna tana sallah a zaune, tana barci a jingine da bango. In ta gaji Gwaggo ta karɓa. Yarinyar ba ta da ƙarfin kama nono, sai a tatse ni a ɗan ƙoƙo, a tsoma zaren auduga a ɗiga mata a baki, ɗigo ɗaya, a jira ta haɗiye, a sake. Wani lokaci takan manta da numfashi, sai mai riƙe da ita ta ɗan shafa tafin ƙafarta, ta tuna. Da Baba ya zo yi mata huɗuba, Inna ta ce sai da ya durƙusa ya kai bakinsa kusa da kunnenta ya yi raɗa, don yana tsoron kada muryarsa ta yi mata yawa.

Ni kuwa da hannu na san ta. Sukan kawo ta kusa su ɗora yatsuna a kanta. Kunnenta laushi kamar sabon ganye, in an lanƙwasa sai ya zauna a lanƙwashe. Bayanta duk wani gashi mai taushi. Haƙarƙarinta ina jin su ɗaya bayan ɗaya, zuciyarta tana bugawa a ƙarƙashi da sauri kamar ta tsuntsu. Na yi ta mamakin yadda Allah ya gama komai a jikin da bai cika tafin hannu biyu ba, har farce, har gira.

An ɗan yi sa-in-sa a kaina. Gwaggo ta haɗa itacen wankan jego, ta kuma ɗauko kanwa mafi kyau a zaure za ta dama mini kunu, yadda ake yi wa kowace mai jego. Ungozoma ta hana kunun kanwar, ta ce ruwan wanka ma a sirka shi, kada a gasa ni sai kumburin ya sauka. Gwaggo ta ji zafin abin, ta ce za a ce ta ƙi kula da ɗiyar ɗan'uwanta. Inna ce ta lallashe ta, ta ce duk wanda ya yi magana a turo shi wurinta. Sai ruwan jikina ya fara fita. Na yi ta fitsari kamar ba zai ƙare ba, gumi yana jiƙa shimfiɗa. Fatar hannuna ta saki ta yi yamutsa-yamutsa. Igiyar nan ta goshi ta fara sassautawa. Amma ido shiru. Ungozoma ta ce ta ga wadda ganinta ya dawo, ta ga wadda bai dawo ba.

Da suna ya matso wasu suka ba maigida shawara ya dakata da yanka, a ga abin da Allah zai yi tukuna. Ya ce ko yini ɗaya ta yi a duniya 'yarsa ce, balle ta kai mako. Ya yanka ragonsa, aka raɗa suna ba kiɗa ba guɗa. Wanzami ya zo ya dube ta a ƙirjin Inna ya ce shi ba zai sa aska a wannan kai ba, a kira shi in ta yi ƙwari.

Bayan suna da 'yan kwanaki, ina kwance da rana, sai na lura baƙin da ke idona ba ɗaya ba ne. Ta gefen ƙofa ya fi sauƙi, kamar an sirka shi da toka. Ban gaya wa kowa ba, ina tsoron kada in faɗa ya koma. Washegari tokar ta zama fari, in mutum ya gifta sai in ga wata inuwa ta wuce. A hankali inuwoyin suka yi kai da kafaɗa. Launin da ya fara dawo mini shuɗi ne, zanen Inna mai rinin baba, tana zaune bakin ƙofa ta ba ni gefe. Na daɗe ina kallon shuɗin nan. Na sha ganin zanen tun ina yarinya, amma ban san yana da kyau haka ba. Sannan na ga hasken rana a kan yashi, na ga tururuwa tana jan ƙwayar gero. A saman zanen, tsakanin ƙirjin Inna da haɓarta, akwai wani ɗan abu ja-ja mai gashi baƙi.

Na ce, "Inna, juyo da ita in gani."

Ta juyo ta dube ni, ta ga idona a kan nata yake. Ta taso a hankali ta zauna bakin gado ta sassauta zanen. Fuskar duk ba ta fi ƙwan zabo biyu ba, a tattare kamar ta tsohuwa, jijiyoyi shuɗɗa suna bayyane a goshi. Tana barci, leɓenta yana motsi. Sai ta buɗe ido ɗaya, ta sake rufewa.

A al'adarmu mace ba ta kallon ɗanta na fari gaban mutane, ba ta kiran sunansa, in ana yabonsa sai ta kau da kai. An koya mini wannan, kuma na yi niyyar kiyayewa. Ran nan kuwa Gwaggo ta shigo, matan maƙwabta suka shigo da suka ji labari, ɗaki ya cika, ni ko ƙiftawa ba na son yi. Wata ta yi dariya ta ce ina kunyar ɗan fari. Gwaggo ta ce a ƙyale ni, bashin kallo nake biya. Maigida ya zo bakin ƙofa ya tsaya, na ga ya rame har wuyansa ya fito, ya ɗaga yatsu yana tambayata nawa ne, na faɗa, ya juya da sauri ya fita.

Yarinyar ta kama nono da kanta ruwan farko na damina bai daɗe da sauka ba. Sai da gero ya yi bununi sannan ta yi nauyin da za a goya ta a baya, a lokacin ne Inna ta koma Ƙonni, ta bar rabin jikinta a Illela don rama. Ungozoma ta gargaɗe ni cewa ciwon yakan dawo, in na sake samun ciki a kira ta tun ƙafa ba ta kumbura ba. Ya dawo sau ɗaya, a ciki na uku, ita kuma ta riga ta rasu. Wannan karon namiji ne, ya zo da wuri ƙwarai, bai yi numfashi ba. Sauran na haife su lafiya. Na yi ta tunanin me ya raba su biyun, ciwo ɗaya, uwa ɗaya, ɗaki ɗaya, ban samo amsa ba, na bar wa Mai shi.

Ita kuwa ta farin ta girma 'yar ƙarama mai faɗa, aka yi mata aure a Tozai, ta hayayyafa. Yanzu ita ma furfura ta cika mata kai, tana kukan gwiwa. Ranar kasuwar da ta wuce ta zo mini da ɗan wake da kuka a ƙulle, ta yi mini faɗa wai ba na cin abinci, ta share ɗakin duk da na ce an share. Da ta yi Azahar sai ta miƙe kan tabarmata ta ce bari ta ɗan huta kafin rana ta yi sanyi, nan take barci ya ɗauke ta. Jikokinta da ta zo da su suka shigo da gudu za su tashe ta, na kore su waje, na ja kujera na zauna ina kore mata ƙuda.